Katin Malam Bukar da na wanke

Ku yi haƙuri da ni, ban saba damun mutane da dogon rubutu a nan ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin shanya aka kira ni aka ce Malam Bukar mai kwamfuta ya rasu jiya a Nguru, har an kai shi makwancinsa.

Har yanzu ko koko ban iya sha ba. Akwai haƙƙinsa a wuyana, da na wani amininsa, shi ya sa na daure nake rubutun nan.

A shagonsa na yi aiki a Gashua, lokacin da wayar salula ta fara shigo mana. Ni karatun allo na yi, bokona bai wuce firamare ba. Shi ya zaunar da ni ya koya mini taifin, bai karɓi ko kwabo ba. Ya sa labule a kusurwar shago don in riƙa salla. La'asar na yi zai ce in tashi, ɗalibaina na Islamiyya suna jira, ko da kuwa takardu sun taru.

Bai taɓa kiran sunana ba, Malama kawai.

Da yarena yake koya mini cikin kwamfuta. Ya ce wannan faffaɗan shi ne uwar allo. Wannan siririn kuma allon da ake rubutawa a wanke. Wancan mai nauyin shi ne hadda, abin da ya shiga ya zauna.

Burinsa ɗaya ne a lokacin, ya haɗa kwamfutar gem da hannunsa, wadda za ta ɗauki wasan ƙwallo da tseren mota ba ta tsayawa. Dubu saba'in ya ware daga kuɗin barkonon gonarsa, ya ce ko naira ɗaya ba zai ɗora ba, sauran na abincin gida ne. Ya fi wata biyu yana fama da takarda guda, ya rubuta ya soke. Ya haƙura da sabon akwati, ya ce tsohon allon kallo ma zai yi, lasifika kuwa sai wata shekara. Duk don kuɗin su isa abu ɗaya, katin hoto, wanda ya ce in babu shi gem ba gem ba ne.

Na taɓa tambayarsa ko wannan ba ɓata lokacin samari ba ne. Ya yi dariya ya ce ladan na ɗaga murya zai zare waya, in zama shaida.

Amininsa Alhaji Ado, ɗan kasuwa a Nguru, shi ya sayo masa katin a Kano, na hannu ne ba sabo ba. Ranar Juma'a ya iso. Malam Bukar ya ajiye shi a kan tebur ya tafi masallaci.

Na buɗe ledar na ga duk datti ya cushe shi, har da wani danƙo. Mu yadda muka tashi, abu mai daraja wanke shi ake yi. Na jiƙa tsumma da ruwan sabulu na goge shi tas, lungu-lungu, na mayar cikin leda tun bai gama bushewa ba. Wallahi daɗi nake ji, na ɗauka alheri na yi masa.

Yana dawowa ya ɗaura, ya yi bismilla ya kunna. Sai wata 'yar ƙara, sai ƙauri.

Ya zare waya ya koma ya zauna. Daga baya ya ce, "Ado ya san yadda na tara kuɗin nan."

Ina tsaye a wurin. Na ce a raina bari sai ya huce, gobe na faɗa. Gobe ta zama mako. A makon ya je Nguru suka yi sa-in-sa, Alhaji Ado ya rantse cewa a kan idonsa aka gwada katin yana aiki, shi kuma ya ƙi yarda. Mutanen da kwano ɗaya suke ci suka koma gaisuwar nesa.

Kwamfutar ba ta haɗu ba. Ya naɗe takardar ya jefa a durowa. Bayan shekara ya rufe shago ya koma Nguru, ya bar mini injin taifin ɗin kyauta, da shi na yi ta rufa wa kaina asiri.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar Nguru ce, na je biki zan dawo. Ya biya mini kuɗin mota, ya sayo busasshen kifi ya ce na yara ne. Na ce masa akwai maganar da na daɗe ina son faɗa masa. Sai direba ya tada mota.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Ki ajiye mini ita, Malama, zan shigo Gashua bayan salla."

Salloli nawa aka yi tun daga nan. Da na so, da na same shi. Kunya ce kawai, kuma ni da nake koya wa yara cewa ɓoye shaida zunubi ne.

To ga shi na faɗa yau, a gaban kowa. Alhaji Ado bai cuci Malam Bukar ba. Lafiyayyen kati ya kawo. Ni na lalata shi.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Bukar, ka haskaka kabarinsa, ka saka masa da alherin da ya yi mini wanda ban rama da gaskiya ba. Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.

Mutanen Nguru, ina roƙonku. Ban san gidan mamacin ba, ban san ko Alhaji Ado yana raye ba. Ina so in zo in durƙusa gaban iyalinsa, in kuma faɗa wa Alhaji da bakina, ko ya samu zuwa gaisuwa da zuciya ɗaya kafin a tashi zaman makoki. Wanda ya san inda zan same su, ya taimaka ya amsa mini yau.