Malfar Baba a Ɗakin Masu Sanƙarau

Jiya na ji rediyo yana gargaɗi kan sanƙarau, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Bazarar da wuyan 'yata Hauwa'u ya sanƙare, shi ya raka mu asibiti a Ɗambatta. Da ta fara buɗe ido, na matsa a sallame mu da ƙwayoyi, don mijina ba ya gari, ga damina ta ƙarato. Likita ya ce, "Cutar tana cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. Ba kowane magani ke ratsawa can ba. Sai an ƙarasa allurar jijiya."

Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Zauna, uwata. Gona za ta jira mu."

Haka ya yi ta yini a bakin gadon, yana yi mata fifita da malfarsa, rigarsa na ƙamshin soyayyiyar gyaɗa.

Hauwa'u ta warke sarai, har ta shiga sakandare. Shi kuwa bai ga kakar bana ba.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Baba, Ya sada mu a Aljanna.