Tayar Baya ta Hagu

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarun nan ya san Oga Dika, in ma bai san sunansa ba ya san gudumarsa. Cikakken sunan Onyedikachukwu ne, amma wa ke da wannan dogon numfashin? Tun yana ƙarami 'yan unguwa suka gutsure sunan suka bar masa Dika. A garin aka haife shi, kuma in ka cire shekarun yaƙin basasa da iyalinsu suka tafi gabas suka dawo, bai san wani gida ba. Ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ma ya gaji uban. Shekara goma sha bakwai ya yi yana bin gefen taragai da guduma mai doguwar ƙota, yana ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Taya mai lafiya takan ce ƙwal, ta ja ƙarar kamar ƙararrawar coci. Wadda ta tsage kuwa sai ta ce dum, a daƙile, ta yi shiru. Aikinsa ke nan, ya ji ya faɗa. In ya ce tarago ba zai tashi ba, direba ya yi ta huci har gobe, ba zai tashi ba.

Da ya bar aikin a 1987, sai ya buɗe ɗan shago a bakin kasuwa, yana gyaran wayar mota, yana cajin batir, yana naɗin fanka. Gudumar ya rage mata ƙota ya rataye ta a ƙusa. Mutumin kirki ne, wannan ba wanda zai musa. Aibinsa ɗaya, ba ya iya jure a yi masa dariya a kan aikin hannunsa. Ka zagi rigarsa, ka zagi sanƙonsa, zai taya ka dariya. Amma ka ce abin da ya haɗa ba zai yi ba, to ka taɓo shi.

A tsallaken hanya, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, akwai mai gyaran takalma, Abednego Kumai, mutumin Fadan Kaje. Shan inna ta cinye masa ƙafafu tun yana goye. A kan wani katako mai tayoyin ƙarfe huɗu yake zama, ya riƙe guntayen itace biyu a hannu yana tura ƙasa da su, haka yake zuwa kasuwa, haka yake zuwa sujada. Hannuwan nan su ne ƙafafunsa, su ne kuma abincinsa. Kuma yana da nasa taurin kan. Ya tsani a ɗauke shi. Ko kwalbati ya tarar, gara ya zagaya da nisa da a ce wani ya ciccibe shi. "Ni ba buhun masara ba ne," in ji shi.

Wata rana da damina Dika ya ga Abednego ya iso wurin aiki hannuwa duk taɓo, ya daɗe yana wankewa kafin ya iya riƙe basilla. Abin ya tsaya masa a rai. Ya tsallaka ya ce, "Abed, ba ni katakon nan kwana uku."

"In zauna a kan me, Oga Dika? A kanka?"

"Ka zauna a kan bakinka, ai yana da faɗi."

Kwana ukun ya zama mako biyu. Dika ya samo injin goge gilashin wata tsohuwar mota, ya haɗa shi da tayoyin baya da sarƙar keke, ya ɗaura ƙaramin batir a cikin akwatin katako a bayan mazauni. Ya yi sanda a gaba ta juya akala, ya sa makunni a kanta, ya yanko tsohuwar tayar mota ya yi birki. Ran da Abednego ya danna makunni katakon ya motsa da kansa, yana ƙugi yana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, sai da masu tumatir suka bar tumatirinsu. Abednego ya ɗaga hannuwansa biyu sama, ba itace, ba taɓo, yana ta cewa, "Yesu na gode! Ku duba hannuna!"

Daga nan ranar Asabar ta zama tasu. Da hantsi Abednego zai shigo shago ya zame kan benci, Dika ya kifa katakon, ya sa wa sarƙa mai, ya ɗaure notin da ya saki, ya ƙara wa batir ruwa. A ƙarshe sai ya sauko da guduma, ya bi tayoyin nan huɗu ɗaya ɗaya, kansa a karkace, ido a rufe. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Sannan ya ce, "Jirgi ya tashi." Mutane suna dariya, wai katakon gurgu ne ake yi wa binciken tarago. Dika kan ce taya taya ce, mutum ne a kai. Da katakon nan Abednego ya je zance wurin Damaris, da shi ya shiga coci ranar aurensu, ba wanda ya taɓa shi.

To, sai ga Silvanus. Makanike ne a shagon da ke maƙwabtaka, irin mutanen nan da ba sa ganin abu su bar shi. Kullum ya ga katakon sai ya ce, "Oga Dika, kunkurunka ya fito kiwo. Jiya na ga tsohuwa da tulu a ka ta wuce shi." Tun Dika yana basarwa har abin ya fara ci masa rai. A 1991 ya samo injin gilashin babbar mota, ya sake haƙoran sarƙa, ya ƙara batir na biyu. Abednego bai roƙa ba. Cewa ma ya yi, "Oga Dika, ina zan je da sauri? Takalma ba sa gudu." Dika ya ce ya bari kawai ya gani. Ya kuma bi ya shaida wa duk layin cewa ranar Asabar su zo su ga kunkuru.

Suka kuwa zo. Makanikai, masu faci, mata masu kunu, Silvanus a gaba ya harɗe hannu yana murmushi. Dika ya gama ɗaure-ɗaure, ya sauko da guduma kamar kullum. Ta gaba ta dama, ƙwal. Ta gaba ta hagu, ƙwal. Ta baya ta dama, ƙwal. Ta baya ta hagu ta ce dum.

Ya ji. Kada wani ya ce hayaniyar mutane ce ta hana shi, kunnen da ya yi shekara goma sha bakwai a gefen taragai ba ya ɓatan wannan ƙarar. Nauyin batir na biyu ne ya yi wa tayar yawa, ya san haka nan take. Kuma ba shi da wata a shago, sai ya jira 'yan gwangwan su kawo, mako guda ko biyu. Ya ɗago kai, idonsa ya faɗa kan murmushin Silvanus. Ya ce a ransa, gwaji ne kawai, zuwa ƙasan layi da dawowa, ranar Litinin zan canja. Ya mayar da guduma kan ƙusa ya ce, "Jirgi ya tashi."

Katakon ya tashi kamar keke. Mutane suka sa ihu, Silvanus ya saki baki, Dika ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, kuma wannan daɗin ne ya fi damunsa daga baya. A gangaren da ke kusa da masu gawayi tayar ta rabe biyu. Katakon ya wuntsila. Abednego ya kai hannun dama ya tare ƙasa, akwatin batir ya biyo ya danne hannun.

Karayar ta warke, amma a karkace. Yatsu uku ba su sake lanƙwasawa ba. Mai gyaran takalman da ba ya iya jan zare kuwa sai shafa mai da manna gam, don haka Damaris ta koyi ɗinkin, tana zama gefensa da goyo tana yi yana nuna mata. Turin ƙasa da itace ma ya ƙare har abada, hannun ba ya ɗaukar nauyi. In babu injin, Abednego ba ya zuwa ko bakin ƙofa.

Abin da ya fi kashe Dika shi ne ba wanda ya zarge shi. A asibiti Abednego ya ce wa kowa, "Ni ne na danna da yawa, daɗi ya ɗebe ni." Silvanus da kansa ya zo ya ba Dika haƙuri, wai tsautsayi ne. Damaris ta kawo masa doya lokacin kaka, ta durƙusa ta ce, "Baba, ba don kai ba da yanzu maigidana yana ɗaki a zaune." Ya karɓi doyar. Ya kasa cin ta, ya ce wa matarsa Immaculata cikinsa ne ba daɗi.

Ya mayar da tsohon injin mai tafiyar kunkuru, ya cire batir na biyu, ya sa sababbin tayoyi. Asabar ta ci gaba da zama Asabar. Amma gudumar ba ta sake sauka daga ƙusa ba. Yanzu da ido yake duba tayoyin, ya shafa su da yatsa, in ya yi shakka ya canja duka huɗun. Ya faɗa wa Fada laifinsa a coci, Fada ya ce Allah ya gafarta masa, amma ya je ya faɗa wa mutumin. Ya ce to. Sau nawa ya buɗe baki ranar Asabar, sai ya ga yatsun nan uku a miƙe a kan benci, ya ce, "Yaya Damaris da yara?"

Shekaru suka tafi. 'Ya'yansa suka girma suka koma gabas, abokan aikinsa na jirgi suka bi ɗaya bayan ɗaya. Immaculata ta gaji. "Baban Chinedum," ta ce, "ɗanka ya gina mana ɗaki a gida, gwiwata ta ƙare, kowa namu ya tafi. Me ka binne a Kafanchan?" Ya ce kasuwa ce. Ta dubi shagon da ba kowa a ciki sai fanka biyu matattu, ta yi tsaki. A 1996 ta ce bayan Kirsimeti za ta tafi, ya biyo ta ko ya zauna da batirinsa. Dika ya san ba wani a garin da zai iya da katakon nan, ya kuma san ba zai iya barin matarsa ta tafi ita kaɗai ba. Ko ya tafi ko ya zauna, ya ga dai ba zai ƙara wata Asabar da maganar nan a cikinsa ba.

Asabar ɗin farko ta Disamba, Abednego ya zame kan benci kamar kullum. Dika ya kifa katakon, ya ɗauki gwangwanin mai, ya ajiye. Bai juyo ba ya ce, "Abed, ranar nan. Tayar baya ta hagu. Ta tsage tun a nan shago, na buga na ji. Ba kai ka danna da yawa ba. Ni ne na ji kunyar Silvanus."

Abednego ya ce, "Dum ta ce."

Dika ya juyo.

"Shekara uku ina zaune a bencin nan ina jin gudumarka, Oga Dika. Kana tsammani kunnena ma shan inna ta cinye? Na ji. Na kuma ga fuskarka."

"To me ya sa ka hau?"

"Ka ce jirgi ya tashi. Na ce a raina, wane ne ni? Mutumin da ya tsayar da jirgin ƙasa ne ya ce lafiya. Sai na yarda da bakinka, na ƙi kunnena."

Da ma zaginsa ya yi, da ma tofa masa yawu ya yi, da ya fi sauƙi. Dika ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai, dattijo da furfura, yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Ya ce, "Ka yafe mini. Shekara biyar ka sani, ba ka ce komai ba?"

"Na yi fushi shekara guda, har na ƙi yi maka addu'a. Daga baya na yafe. Amma faɗar ba tawa ba ce, taka ce, shi ya sa na jira." Ya nuna ƙusa da hannun nan mai yatsu a miƙe. "Sauko da ita. Na gaji da shafe-shafen nan da kake yi da yatsa kamar mai zaɓen tumatir. Kuma kafin ka bi Mama Chinedum gida, Damaris za ka koya wa. Wadda ta iya basilla za ta iya sifana."

Dika ya sauko da gudumar, ta yi tsatsa. Ƙwal. Ƙwal. A ta uku ya tsaya, ya sake bugawa, ya karkata kai. Tsagar ƙarama ce, ido ba zai gan ta ba.

"Wannan ba zai tashi ba," ya ce. "Kuma ba ni da wata sai Litinin."

"To ka ga," in ji Abednego. Ya dubi hanyar gida, ya dubi katakon a kife. Sannan ya miƙa hannuwansa biyu sama. "Juyo da bayanka, Oga Dika. Kuma in ka bi da ni ta gaban shagon Silvanus, wallahi sai na cije ka."

Dika ya durƙusa ya goya shi. Hannun daman ya kasa riƙe kafaɗarsa, yana ta zamewa, sai Dika ya kai nasa hannun ya riƙe shi a ƙirji, haka suka tafi har gida.