Hannun da Yaya Ya Kai Sakkwato a Ɓoye

Ana idar da sallar asuba muka bar Kwantagora, ni da yayana, a cikin wata doguwar Fijo wadda direbanta ke gaba da birki. Yaya ya yi shekara da shekaru yana tuƙa babbar motar ma'aikatar ayyuka, sai ciwon karkarwa ya kama masa hannun dama har sitiyari ya gagare shi. Aka ce ya je Sakkwato likitocin gwamnati su duba shi. In sun yarda ciwo ne, a sallame shi da fanshon rashin lafiya. In kuwa sun ce ƙalau yake, a kore shi don ƙin zuwa aiki, ya dawo gida hannu rabbana, ga iyali.

Hanya ta sha sabuwar kwalta, manyan motoci ɗauke da siminti sai wuce mu suke yi, kai ka ce za a sake gina duniya ne. Sojoji suka tsayar da mu a wani shinge, suka leƙa, suka ɗaga mana hannu. A Yawuri na sayi soyayyen kifi na ji a jikina, don tun da gwamnati ta yi ƙarin albashi mai kifi ma ta yi wa kanta nata. Yaya ya ce shi a ƙoshe yake. Na san ba ƙoshi ba ne, ba ya son fasinjoji su ga loma tana rawa. Daga Aliero kuwa warin albasa ya shiga motar bai biya kuɗi ba, ya raka mu har tasha.

Zafin Sakkwato ba a ba yaro labari. Amma garin ya burge ni: gine-gine na tashi ko'ina, ma'aikata na yawo a kan sababbin babura, mai shago kuma sai ya gama gaishe ka tsaf kafin ya tambayi abin da kake so. Muka sauka a unguwar Gidan Igwai wurin wani tsohon abokin aikin Yaya, kafinta Kirista mutumin Filato. Matarsa ta cika mana gaba da hoce da kunu, ta kuma shimfiɗa mana tabarmar salla ba mu roƙa ba.

Da safe Yaya ya fito cikin babbar rigarsa ta salla, ya kafa hula, ya cusa hannun daman can cikin riga. Kafinta ya riƙe baki.

"Haba ɗan'uwa, yau ba ranar kwalliya ba ce. Bari su ga abin da ya kawo ka."

"Gaban manya zan je," in ji Yaya. "Ba na zuwa kamar mai bara."

A asibiti aka yarda in tsaya bakin ƙofa, da sharaɗin kada in ce uffan. Babban likitan, wani dattijo Basakkwace, ya dubi Yaya ya ce, "Malam, mi ka damunka?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Sai godiyar Allah."

Aka juya tambayar ta nan, aka juya ta can, amsar ba ta sake ba. Haka aka rene mu: namiji ba ya kai ƙarar jikinsa gaban mutane, kada ya zama mai butulci ga Ubangiji. Wani matashin likita ya rufe alƙalaminsa. Na ga abincin 'ya'yan Yaya na shirin zubewa saboda kunya.

Sai dattijon ya miƙe, ya zagayo tebur. "Af, mun yi rashin hankali. Baƙo ya taho tun daga Kwantagora ba mu gaisa ba." Ya miƙa hannu.

Wa ke ƙin hannun babba? Yaya ya zaro nasa. Likita ya kama ya riƙe, ya shiga gaisuwa irin tasu mai tsawo: ina gajiya, ina iyali, ina mutanen gida, yaya aka baro damina. Hannun na ta kaɗawa, har agogon likita na rawa kowa na gani.

"Kai ka gode Allah, ka kyauta," ya ce a hankali. "Hannun ga kau ya hwaɗa muna nashi, mun jiya."

Daga nan suka duba shi sosai, suka sa shi tafiya, suka sa shi ɓalle maɓalli. Kafin azahar suka tabbatar masa da fanshonsa. Ban taɓa ganin wanda ya ceci mutum daga kunyarsa ba tare da ya kunyata shi ba sai wannan bawan Allah.

Washegari muka juyo gida. Abin da na koyo shi ne, godiya ga Allah ba ta hana a gaya wa likita gaskiya, kuma mai neman haƙƙinsa ba mabaraci ba ne. Na zaci murnar fansho ce ta sa Yaya shiru a mota. Sai da muka iso ƙofar gida ya tsaya, ya dube ni idonsa cike da ƙwalla.

"Ka san wani abu? Tun da ciwon nan ya kama ni, kowa taɓa hannuna yake yi ya janye. Shi kaɗai ya riƙe bai yi saurin saki ba."