Garwar Man Tasalla da Awon Malam Sammani

Ina faɗa wa iyayen yara na Isa da Sabon Birni tun da sauran lokaci, kada a zo daga baya a ce ba wanda ya yi magana. Da an ga watan gobe Malam Sammani zai ajiye aikin ɗakin magani na Isa, kuma ɓarna za ta biyo baya. Marasa lafiya za a aiko musu da wani, ko ba daɗe ko ba jima. Yaran da ke zama gabansa bayan la'asar yana koya musu awo, su nake ji wa tsoro. Ba wanda za a aiko musu, don tun farko ba wanda ya sa shi wannan aiki, kuma a cikinmu iyaye ban san wanda ya taɓa zuwa takanas ya ce masa sannu ba. Ni kaina na fi yi masa faɗa a kan godiya.

Sunana Na'Allah, fatu nake saya ina kai wa kanti, kuma a aji huɗu na elementare karatuna ya tsaya. Ɗana na uku, Amiru, yana neman shiga koyon aikin haɗa magani a Sakkwato. Bara ya yi jarrabawa ya faɗi, kuma lissafin awo ne ya kayar da shi. Wana Ɗanmusa, mai fatauci da jakai zuwa Madawa da Maraɗi ta ƙasar Faransi, ya ce idan ya sake faɗuwa bana a ba shi yaron ya bi jakai, zaman ya isa. Na amsa masa a gaban mutane, don ba a yi wa wa gardama a kan ɗa. Amma Amiru yana da ƙirji. Ko tafiya Bafarawa ranar kasuwa sai ya dawo numfashinsa yana kukan usur. Hanyar Madawa ba tasa ba ce. Shi ya sa na kai shi wajen Malam Sammani.

Wanda bai san shi ba, ga yadda yake. Da ya fito masallaci da asuba sai ɗakin magani. Ya share baranda da kansa, ya dafa ruwa, ya tace da farin ƙyalle, ya wanke kwalabe ya kife su a rana. Sannan ya ɗauko ɗan sikelinsa ya busa masa iska, ya tsaya yana kallonsa ba komai a kai har sai hannuwan biyu sun daidaita. Duk wannan kuwa mutane suna layi a waje, mai gyambo, mai kurkunu, mai jinjiri da zazzaɓi. Idan ya zuba magani a kofin awo na gilashi sai ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da zanen, ya rage ɗigo, ya ƙara ɗigo. Na sha tsayawa a layin nan ina cizon haƙora. Fiye da shekara ashirin yana haka, kuma ban taɓa jin an ce maganinsa ya yi wa wani yawa ba.

Mutanen kasuwa sun ga abin da ya yi da wata mata daga Tsamaye, Adda Saudatu. Ta zo da jikanta yana fama da tsutsar ciki, da wata kwalba da ɗanta ya sayo mata a Maraɗi, rubutun jikinta duk na Faransi. Ta ce a faɗa mata cokali nawa kawai, ta tafi. Malam ya juya kwalbar, ya ce nan an rubuta a ba yaro gwargwadon nauyinsa a kilo. Mu kuwa a nan laba muke awo da ita. Sai ya ɗauki yaron a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar kasuwa har rumfar masu sayen gyaɗa, ya sa shi cikin buhu ya rataye a sikelinsu. Yaro yana ihu, 'yan dako suna dariya suna tambayar ko ɓararre ne. Malam ya tsuguna ya zana lissafi a ƙasa da tsinke, ya mai da laba kilo.

Adda Saudatu ta ce, "Malam, ni magani na zo nema, ba saida shi za ni yi ba."

Ya ce, "Adda, da kin ba shi da awonmu, da kin ba shi fiye da ninki biyu. Kilo ɗaya laba biyu ce da ɗori."

Ta karɓi jikanta tana mita har ta fita gari. Yaron yana nan da ransa, yana kiwon awaki.

To, wannan juyin awo shi ne ciwonmu a nan bakin iyaka, kuma shi yake koya wa yara. Ta wancan gefe lita da kilo. Ta wannan gefe galan da laba da oza. A cikin gida kuma mudu da kwano da garwa, kowace mace da nata. Malam yakan jera gwangwani guda huɗu masu girma ɗaya, ya cika ɗaya da ruwa, ɗaya da man gyaɗa, ɗaya da zuma, ɗaya da kananzir, ya ce yara su ɗaga su ji. Cika ɗaya, nauyi daban. Sai ya ce a raba nauyin abu da cikarsa, abin da ya fito shi ne shaidar wannan abu, da shi ake gane shi ko an rufe kwalba. Turawa suna da sunan da suke kiran wannan lissafi, bakina bai iya shi ba. Malam dai yana cewa nauyi bisa cika. Yana sa su maimaita har mu da ke wucewa muka haddace: galan ɗaya na ruwa laba goma, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya. Zumar da ake zubawa a gwangwanin nan kuma daga gidajenmu take fita, ba wanda ya tambaye mu.

Yanzu ga abin da ya kai ni gabansa da fushi.

Maiɗakina Tasalla tana matsar man gyaɗa, kuma duk unguwarmu an san manta. Wata ranar Laraba Amiru ya ce zai gwada karatunsa a gida. Ya ari sikelin rataye na Ɗanmusa, wanda ya sayo a Madawa, ya auna garwar man uwarsa cike, ya cire nauyin garwa, ya sami goma sha bakwai. Garwa galan huɗu ce, wannan kowa ya sani. Ya raba, ya sami huɗu da 'yan kai. Ruwa kuwa goma ne. Sai ya miƙe a tsakar gida, a gaban Safiyatu mai ƙosai da ta zo sayen mai da kwanonta a hannu, ya ce, "Inna, man nan naki da matsala. Ko rabin nauyin ruwa bai kai ba. Malam ya ce man gyaɗa na gaske kusa yake da ruwa."

Safiyatu ta kalli garwa, ta kalli Tasalla, ta ce ta tuna ta bar wuta a murhu. Kafin azahar magana ta kai bakin rijiya cewa ɗan Tasalla mai boko ya auna man uwarsa ya ce gauraye ne.

Na dawo daga kanti na tarar da ita zaune ba ta ko dafa abinci ba. Ta ce, "Maigida, wanga karatu da kuka sa shi, na tozarta ni ne? Ni na soya gyaɗar nan, ni na daka, ni na matse da hannuna. Da mi zan gauraya shi, da iska?"

Na kama hannun yaron, na sa aka ɗauko garwar, muka nufi ɗakin magani. Na sami Malam yana wanke kofinsa. Ban ko gama sallama ba na fara. Na ce ya raba ɗa da uwarsa, ya kashe wa mata sana'a, kuma ga jarrabawa ta matso yaro yana fitar da shirme. Ya bar ni na gama. Ya karɓi takardar Amiru ya kai ta kusa da hancinsa, don idonsa ya fara rauni, abin da ma ya sa zai ajiye aiki ke nan. Na ga bakinsa ya motsa. Na tabbata a take ya ga inda kuskuren yake. Amma sai ya miƙa wa yaron takardarsa, ya ce a ciko wata garwa da ruwa.

Ya ce, "Amiru, ɗauki ta ruwa da dama, ta mai da hagu."

Yaro ya ɗaga da ƙyar.

"Wacce ta fi nauyi?"

"Ta ruwa, Malam. Amma kaɗan."

"Ta ninka ta biyu?"

"A'a, Malam."

"To hannunka ya ce kaɗan, alƙalaminka ya ce ninki biyu. Ɗaya na ƙarya. Tafi ka gano mai ƙaryar, ka dawo."

Na ce, "Haba Malam! Ka faɗa masa mana. Uwarsa na can tana kuka."

Ya ce, "Na'Allah, ranar da zai haɗa ma ɗan wani magani a ƙauyen da ba likita, kana can? Ni ina can?"

Na ce wannan ba magani ba ne, man ƙosai ne. Ya ce shi ya sa ya fi so ya ɓata a nan. Sannan ya ciro kwalbarsa ya ba ni, ya ce a cika masa da man Tasalla, kuma a bi da ita ta bakin rijiya kowa ya ga wa ya saya. Da wannan ya kashe maganar mata, amma amsar ya hana.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Yaro ya raba, ya sake rabawa, amsa ɗaya. Ni ma na zauna da shi da ɗan karatuna, na sami abin da ya samu. Ɗanmusa ya zo karɓar sikelinsa, ya tsaya yana kallonmu, ya ce jakai ba su tambayar kowa lissafi, in shirya masa yaron kawai. Yana cikin naɗe igiyar sikelin sai Amiru ya riƙe hannunsa.

"Baffa, wanga sikeli, da mi yake magana?"

"Da mi kuwa? Na Faransi ne. Kilo."

Yaron ya zauna a ƙasa. Ashe ya auna da kilo, ya raba da galan, ya gwada da ruwan da aka auna da laba. Ya ɗauki awon Madawa ya aura wa awon Isa, kamar yadda kowa a garin nan yake yi kullum a kasuwa ba tare da ya lura ba. Ya mai da kilo goma sha bakwai laba, ya sami talatin da bakwai. Ya raba huɗu, tara da ɗori. Ruwa goma, mai tara da ɗori. Man Tasalla lafiya lau. Ya ruga ya faɗa mata, ta ce ita ba ta taɓa shakka ba, ya matsa mata daga bakin murhu.

Da ya kai wa Malam, na bi shi ina zaton za a yaba masa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Daga yau kowace lamba ka rubuta, ka rubuta sunan garinsu kusa da ita." Sai ya ba shi wani sabon lissafin.

Malam Sammani, kai ne ka fi kowa ba ni haushi a garin nan, kuma kai ne na fi jin tsoron tafiyarka. Kai ne mai durƙusa wa ɗigo. Ka tsai da mu a rana muna zaginka a zuci, ka mai da mana 'ya'yanmu gida da rai. Ka ba da la'asar ɗinka ga yaran da ba naka ba, ka ci zumarmu a gwangwani, ka ƙi ba mu amsa ranar da muke roƙonka. Na gode, ko da yake har yanzu ina ganin da ka faɗa masa tun ranar da ba abin da zai ragu a jikinka. Allah Ya saka maka, Ya sauƙaƙa maka idon nan.

Ku kuma da kuka zauna gabansa kuka wuce, kuna malanta da aikin akawu a Sakkwato da Gusau, na san aƙalla mutum biyar a cikinku. Gwangwani huɗu da sikeli ɗaya ne duk kayan aikin. In kun zo hutu ku zauna da ƙannenku ko sau ɗaya a mako. Mu iyaye ma mu daina ce masa Malam Gwangwani a bayan idonsa, mu je mu gaishe shi a Kamarawa inda zai koma.

Amiru ya je Sakkwato ya yi jarrabawar, ya dawo ran Asabar. Ya ce tambayar ta fito: an ba da nauyin wani ruwan magani da giram, cikarsa da oza, aka ce a nemo nauyi bisa cika. Na ce, ka juya? Ya ce yana jin ya juya. Na ce kana ji ko ka juya? Ya ce lokaci ya ƙure, Bature yana karɓar takardu, ba zai iya rantsewa ba. Na kai shi gaban Malam ko zai taya shi tunawa. Malam ya tambaye shi ko amsar da ya samu ta yi kama da abin da hannu zai yarda da shi. Ya ce ta yi. Malam ya ce to, ya ci gaba da wanke kwalbarsa. Ni wannan "to" ba ta ishe ni ba.

Ɗanmusa zai tashi da jakansa da an gama yankan gero, kuma ya riga ya sa an yi wa yaron takalmin tafiya. Sakamako bai zo ba. Ban san ko Amiru ya juya awon nan ba, shi ma bai sani ba, kuma ban san wanda zai riga iso ƙofar gidana ba, mai kawo sakamako ko wana.