Fuskar Baba Mai Wankin Hula

Mutane suna ɗauka aikin mai zanen barkwanci a jarida wasa ne. Har yau akwai wani ƙanen mahaifina da in ya tambaye ni aiki, na ce ana nan ana yi, sai ya ce to Allah ya kawo na gaske. Na daina jin haushinsa. Bai taɓa zama gaban farar takarda ana jiransa za a kai jarida maɗaba'a, kansa kuwa babu komai sai zafin rana da tunanin cefane ba.

Jaridarmu ƙarama ce, ta Hausa, mako-mako take fita. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan gini, edita a ɗaya, mu sauran tarkace a ɗayan. Kusurwar shafin baya ita ce tawa. Da safe nakan bi gari da fensir da 'yan takardu a aljihu ina tsintar fuskoki. Babbar Kasuwa ita ce rumbuna. A layin 'yan hatsi nake samun tumbi, a wajen 'yan yadi in samu ɗaurin hula da yatsina, a bakin ƙofa in samu idon ɗan acaɓa da ya hango fasinja. Ba na ɗaukar mutum ɗungurungum. Hancin wannan nake haɗawa da gemun wancan, don kada wani ya tare ni a hanya ya ce na ci masa mutunci. Mutum ɗaya ne kawai na taɓa ɗaukar fuskarsa gaba ɗaya, shi ma sai da na roƙa.

Wani dattijo ne mai wankin hula a Ƙofar Durbi, kowa Baba yake ce masa. Tun ina saurayi shi ke wanke mini hula. Yana zama a gindin wata katanga, huluna jere a gabansa kan gumakan icen da ake kafa su, suna shan rana bayan an sa musu sitati. Fuskarsa doguwa ce, kunne ɗaya ya ɗan karkata, ga wushirya, ga wani kallo da yake yi ta ƙasan ido wanda ko bai ce komai ba ka san ya gama karanta ka. Na daɗe ina neman wanda zan riƙa tsayarwa a gefen kowane zane ya faɗi abin da ke cikin talaka, ranar da na lura da wannan kallon na san na samu. Da na gaya masa sai ya yi dariya har ya ajiye burushin hannunsa.

"Malam, mi za ka yi da wagga huskar tawa da ko madubi ya gaji da ita?" in ji shi. "To ɗauka. Amma aro na ba ka, ba kyauta ba."

Haka dattijon kusurwa ya shiga jarida. Kowane mako yana nan, wani lokaci a layin mai, wani lokaci a bakin famfon da ya kafe, yana jefa magana ɗaya tak. Baba ba ya karanta boko, amma maƙwabta sukan karanta masa, kuma duk unguwar an san shi ne. In ya wuce masallaci sai a ce, Baba, wannan makon ka faɗi gaskiya. Yakan ce shi bai ce komai ba, amma da an tambaye shi abin da zai ce ke nan. Wannan maganar tasa ta fi mini duk wani yabo da aka taɓa yi wa aikina.

Sai dai akwai wani tsari namu na ofis. Nakan zana hoto da alƙalami, in zagaye wurin magana kusa da bakin mutum, abin da muke kira balan-balan, amma in bar cikinsa fayau. Edita ya ce rubutun hannuna kamar kaza ta yi tono, saboda haka kalmomin nakan rubuta su da fensir a ƙasan takardar, mai tsara shafi ya buga su da kwamfuta ya cusa a ciki. Shekara da shekaru haka muke yi, ban taɓa kawo komai a raina ba. Wani lokaci edita yakan rage kalma ɗaya ko biyu don su shiga, in yi gunaguni, ya wuce.

A wata damina aka ba wani ɗan kwangila aikin magudanar ruwa a lungun su Baba. Ya zo da motoci da hayaniya, ya haƙa rami daga sama har tsakiyar lungu, ya toshe tsohuwar hanyar da ruwa ya saba bi tun kakanni, sannan ya kwashe kayansa ya ɓace. Da aka yi ruwa mai ƙarfi, ramin ya tattaro ruwan unguwanni ya juye shi cikin gidajen mutane. Katangu suka zube. Ɗakin wata tsohuwa mai ƙosai ya rufta, Allah ya sa tana waje. Da na je na tarar da Baba tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙugu, ya ɗaga hannuwa sama riƙe da hulunan mutane don kada su jiƙe, nasa kayan kuwa suna yawo a tsakar gida. Mutanen lungu suka yi shawara za su kai kuka wurin hukuma, suka zaɓi Baba ya yi musu magana, don shi ne babba kuma an san bakinsa ba ya rawa.

Ban sha wahalar neman abin zanawa ba a wannan makon. Na zana dattijon kusurwa kamar yadda na ga Baba, ruwa har ƙugu, tukwane da takalma suna iyo, hannuwa a sama da hula, ɗan kwangila kuma yana leƙowa ta tagar mota daga kan tudu. A ƙasa na rubuta da fensir: Alhaji, magudanar da ka haƙa ta iso har ɗakina. Na miƙa na tafi gida raina wasai.

Ranar da jarida ta fito na karɓi ɗaya wajen mai sayarwa, na juya shafin baya, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. An yanke zanen daga ƙirji. Babu ruwa, babu tukwane, babu takalma. Abin da ya rage dattijo ne ya ɗaga hula sama da hannu biyu, yana kallon Alhaji a mota, kamar mai jinjina. A cikin balan-balan kuwa an buga: Mun gode, Alhaji, aiki ya yi kyau. Da na buɗe tsakiyar jaridar sai ga cikakken shafi na talla, hoton ɗan kwangilar nan da babbar riga, ana taya shi murnar hidimar da yake yi wa al'umma.

Ban san yadda na hau matakalar ofis ba. Mai tsara shafi yana ganina ya sunkuyar da kai ya ce shi abin da aka ce ya yi ya yi. Na tura ƙofar edita ko sallamar kirki ban yi ba. Yana zaune yana shan shayi, ya ce in zauna in huce. Na ce ba zama ya kawo ni ba. Ya yi mini dogon bayani a kan tsadar takarda da man janareta, da yadda jarida ba ta rayuwa da iska, da yadda ɗan kwangilar ya yi alkawarin komawa bakin aiki da rani. Na ce in haka ne me ya hana ya cire zanen gaba ɗaya, ya cika wurin da girke-girke? Ya ce ai mutane saboda dattijon suke duba shafin baya, kuma godiya daga bakinsa ta fi daraja.

Wato ya sani. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har gobe. Ya san abin da ya sa maganar dattijon ke da nauyi, shi ya sa ya sayar da ita. Na ce masa wannan fuskar mutum ce mai rai, yana da unguwa, yana da masallaci, yana da surukai.

"Malam, zane ne fa," in ji edita. "Ka ga an rubuta sunan wani?"

Na nemi a buga gyara mako mai zuwa, a sa zanen yadda yake. Ya ce za a duba. Duk wanda ya yi aiki a ofis ya san inda ake kai abin da aka ce za a duba.

Kafin in isa Ƙofar Durbi zanen ya riga ni. An ɗauki hotonsa yana ta yawo a wayoyi, har wani abokina a Batagarawa ya turo mini yana tambayar ko lafiya. A lungun su Baba kuwa magana ta gama gari. Wasu sun ce buhunan shinkafa aka kai masa, wasu sun ce kujerar Makka aka yi masa alkawari. Mutanen da shekaru suke ce masa Baba ka faɗi gaskiya, su ne yanzu suke cewa ashe da bakinsa ake rubutawa. Tsohuwar nan mai ƙosai, wadda take kwana a zauren maƙwabta, ta aika aka karɓo hular jikanta ko wanke ta ba a yi ba. Da ranar kai kuka ta zo, aka tafi ba a ko leƙa shi ba. Ya yi wanka ya sa farar rigarsa yana jira a ƙofar gida, sai daga baya ya ji labarin an je an dawo.

Na koma ofis na karɓo takardar zanen ta asali, na shiga lungun gida-gida ina nunawa. Ga ruwan nan, ga tukwanen, ga abin da na rubuta da fensir. Na yi rantsuwa har na gaji. Wasu suka ce Allah ya isa, suka je suka ba Baba haƙuri. Wasu suka kalli takardar suka kalle ni, wani tela ya ce ai mai zane ba ya rasa tawadar ƙara ruwa daga baya. Takarda ɗaya nake riƙe da ita a hannu, waccan ta jarida kuwa tana cikin aljihun kowa.

Baba ne na ƙarshen da na je wurinsa, don nauyinsa nake ji. Na same shi a gindin katangarsa, gumakan icen nan rabinsu babu hula. Muka gaisa doguwar gaisuwa kamar kullum, ya tambayi iyali da yara da gajiya, bai rage ko ɗaya ba. Na shimfiɗa masa takardar, na fara bayani, ina zagin edita, ina zagin ɗan kwangila. Ya daɗe yana kallon zanen. Ya sa yatsa ya bi layin ruwan da na ja a ƙugunsa.

"Na sani ba kai ba ne, Malam," ya ce. "Amma tun da akwai wanda ka iya sa mani magana a baki ba da sanina ba, kai kuma ba ka iya hana shi, to ka maido mani da huskata. Daman aro ce."

Na so in roƙe shi, in ce zan riƙa rubuta kalmomin da hannuna da tawadar da ba ta goguwa. Amma wanda ya yanke ruwa da kwamfuta, goge rubutu ba zai gagare shi ba, kuma mu duka mun san haka. Na ce na maido, Baba. Ya ce Allah shi yi albarka, ya jawo wata hula ya ci gaba da goge ta.

Ban bar aikin ba. Ina da iyali, kuma babu wata jaridar da ke jirana. Amma mako na gaba da na kai zane, dattijon kusurwa ya juya wa mai karatu baya. Ƙeya kawai ake gani da hula da kafaɗu. Edita ya juya takardar ya tambayi ina balan-balan. Na ce mutumin da ba a ganin bakinsa ta ina zai yi magana? Ya yi faɗa, ya ce ina wasa da abincina, na ce ya nemo wani ya zana masa. Bai nemo ba, domin babu wanda zai karɓi abin da yake biyana. Tun daga lokacin haka dattijon yake fitowa, tsaye a gefe yana kallon abin da ake yi, ba ya cewa uffan. Masu karatu har yabawa suke, wai shirun nan akwai hikima a ciki. In na ji haka sai in ji kamar in fasa ihu.

Gyaran da aka ce za a duba ba a taɓa buga shi ba. Ramin yana nan, yara suna tsallake shi in za su makaranta. Huluna sun ɗan dawo wa Baba, amma in ana shawarar unguwa ba a kiransa, shi ma ba ya zuwa.

Har yanzu shi ke wanke mini hula. Nakan je in zauna a kan bencinsa mu taɓa hira, ya tsokane ni a kan furfurar da ta fara fito mini. Rannan muna cikin magana na sa hannu a aljihun gaba don in ciro waya, inda fensirina yake leƙowa. Baba bai fasa maganar da yake yi ba, bai kuma ɓata rai ba. Gyara zama kawai ya yi a hankali, ya mai da fuskarsa wajen katanga, ya bar ni da ƙeya.