Madafar Hajjo Mai Tuwon Ayari

A Damargu, a wani ƙauye yamma da Falanko, an yi wata mata mai suna Hajjo, 'yan shekaru kafin Nasara ya leƙo ƙasar. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, in ta ƙwala wa akuyarta kira daga bakin tabki har ta maƙwabta sai ta taho. Uwarta maginiyar tukwane ce, ita kuwa muciya ta riƙe. Mijinta ya rasu ya bar ta da gida da rumbu guda da manyan tukwane huɗu, 'ya'yanta mata biyu kuma aure ya kai su nesa. Abin da ya rufa mata asiri shi ne ayari. Kowace shekara bayan kaka, in Buzaye suka sauko daga arewa da raƙuma ɗauke da gishiri da dabino suna neman gero, a ƙofar Hajjo suke cin tuwo su sha fura. Su bar mata gishiri, ita kuma ta yi ta musaya da shi har shekara ta zagayo. Ba ta taɓa miƙa ƙwarya gidan kowa ba, kuma tana ji da wannan ba kaɗan ba.

Wata shekara, ana gama yankan gero, iska ta ɗauki tartsatsi daga murhunta ta kai kan zana. Madafar ta kara ce, nan da nan ta zama toka, har wutar ta lashi jinkar rumbun maƙwabci. Allah ya taƙaita. Amma maigari Zakari ya zo da kansa ya tsaya kan tokar.

"Hajjo, hatsin garin nan duk a bayan dangarki yake," in ji shi. "Ɗan girkin bakinki, yi abinki. Amma wutar tukwane huɗu ba a gidan nan ba, sai in a ɗakin ƙasa mai rufin ƙasa."

"Na ji, ranka ya daɗe," ta ce, don ta san gaskiya ya faɗa.

Labari ya kai garin Tarka inda wanta Audi yake, ya aiko cewa ya share mata ɗaki, ta tattara ta dawo. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Sai dai Hajjo ta san zaman: ta naɗe hannu a bakin ƙofa tana jiran a miƙo mata akushi. Wannan kam ta ƙi shi har ranta. Ayari saura wata guda, in ya zo murhunta a mace, to ba gishiri, in kuwa ba gishiri sai Tarka.

Ana haka sai ga wani Yahuza ya sauka garin da jakinsa, ya ce shi magini ne daga Damagaram. Baki gare shi, tubarkalla! In ya fara lissafa sorayen da ya gina a Birnin Damagaram sai ka ce shi ya kafa garin. Garin su Hajjo kuwa ba mai ginin soro, iyakarsu rumbu da ɗakin kara. Hajjo ta ce ya zo ya yi, tuwo da fura na kanta har ya gama.

To, ba wayo irin na gizo a lamarin Yahuza, sakarci ne tsagwaronsa. A Damagaram jar ƙasa gare su, wadda ko ina ka haƙa ta kama. Damargu kuwa jigawa ce, tsakar gida rairayi ne zalla. Mai son gini sai ya je tabki ya ɗebo baƙar laka, ya zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, ya tattake, ya rufe ta kwana bakwai ta ruɓa har ta fara wari. Yahuza bai yi ko ɗaya ba. Bayan gidan ya haƙa, ya kwaɓa da safe, ya dunƙula tubali, kwana biyu ya hau jerawa. Hajjo ta ɗauki tubali guda ta murza, ya bi yatsunta yana zuba.

"Magini, anya ƙasar nan ta nuna?"

"Haba Inna, ke dai ji da miyarki. Haka muke yi a Birni."

Ta yi shiru. Mace ba ta sa baki a gini, haka ta taso ta gani, ga kwanaki kuma suna gudu. Wannan shirun shi ne abin da ta fi jin haushin kanta a kai daga baya. Cikin kwana goma sha biyu ɗaki ya tashi, an jera itacen aduwa an rufe da ƙasa. Yahuza ya shafe bangon da yaɓe sumul, har da zane a saman ƙofa. Mutane suka yi ta zuwa kallo suna sa albarka.

Saura daɓe, shi kuwa aikin mata ne, namiji ba ya leƙawa. Hajjo ta kira gayya. Mata wajen ashirin suka zo da madaɓansu, wato guntayen itace masu faɗi na dukan ƙasa. Aka baza tsakuwa, aka yayyafa ruwan bagaruwa, aka durƙusa. Maƙwabciyarta Balki ta ɗauko waƙa, madaɓai suka sauka tare, tim, tim, tim, har ƙasa na amsawa.

Ba a yi nisa ba ƙura ta fara zubo musu a ka. Balki ta ɗaga ido ta ga tsaga ta kama daga kusurwa tana tafiya kamar ƙadangare.

"Yaya Hajjo, bango! Ku fita, ku fita!"

Suka fito a guje, wata ba ɗankwali, wata ba madaɓi. Ta ƙarshe na fitowa bangon gabas ya durƙushe, rufin ya bi shi. Innalillahi! Ba wadda ta yi ko ƙwarzane, amma Hajjo ta tsaya tana kallon tarin rairayi. Matan mutane ashirin ta tara a ƙarƙashin wannan abu.

Da la'asar ta iske Yahuza bayan gari yana ɗaure wa jakinsa kaya. Kowa ya zaci gaban maigari za ta ja shi, ko ta yi masa wankin babban bargo a bainar jama'a, don bakinta ya iya. Ita ma da niyyar haka ta fito. Amma a hanya ta bi ta bakin tabki ta ga ruwan ya ja baya sosai. Kwana goma in ya ƙara, lakar za ta bushe ta zama dutse, sai kuma baɗi. Zagi ba zai tsayar mata da bango ba.

"Yahuza, tsakaninka da Allah, a Birni me kake yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Tubali nake jefa wa magini, Inna. Shekara shida. Na iya jeri, wallahi na iya. Ƙasar dai a kwaɓe nake tarar da ita."

"To kai ka iya jeri, ni na san laka, a gindin mai tukwane na girma. Sauke kayan nan. Tuwona da ka ci bai gama aikinsa ba."

Washegari matan gayya suka koma tabki da ƙore da kwanduna, suna ɗebo laka suna yi wa Yahuza tsiya. Balki ta sa masa suna Sarkin Ginin Birni, ya haɗiye ya ci gaba da aiki. Hajjo ta ɗebi laka ta mulmula ta kamar igiya ta naɗa a yatsa ta nuna masa: in ta naɗu ba ta karye ba, ta gini ce. Ya tattaka har ƙafafunsa suka tsage. Kwana uku ya ce ai ta yi, ta ce bakwai. Kullum da safe sai ta tura hannu cikin tarin ta sansana ta girgiza kai. Maza masu wucewa suna gunaguni, wai yau mace ke koya wa magini gini. Hajjo ta ce duk mai magana ya zo ya karɓi kwando, ba wanda ya zo.

Ana cikin shanya tubali ayarin farko ya iso. Buzaye suka durƙusar da raƙuma inda suka saba, suka leƙo suka ga murhu a mace, suka yi mata jaje suka wuce gaba. Ranar Hajjo ta shiga ɗaki ta yi kuka sosai, kukan baƙin ciki da tsoro. Yahuza ya ce a gaggauta ko a cim ma na biyu. Ta share ido ta ce ba tubalin da zai hau bango sai ya bushe har ciki, ko da ayari goma za su wuce.

Da aka gama, ɗakin ba shi da kyan na farko. Baƙi ne, bangon kauri kamar na rumbu, ba zane ba komai. Aka sake kiran gayyar daɓe, matan suka zo suka yi cirko-cirko a ƙofa, kowacce na tura 'yar'uwarta. Wa zai ga laifinsu? Sai Yahuza ya ratsa su ya shiga, ya je kusurwar gabas ya zauna ya jingina bayansa da bango.

"Kai, namiji a wurin daɓe?" in ji Balki.

"Yau dai ku yi haƙuri da ni. In zai faɗi, ya fara da wanda ya gina shi."

Hajjo ta ɗauki madaɓi ta shiga ta durƙusa, sauran suka bi ta. Suka daki ƙasar nan da gayya, duka na mugunta, tun hantsi har azahar. Ko ƙwayar ƙasa ba ta faɗo ba. Guɗa ta tashi, Yahuza ya fito gumi sharkaf yana dariya kamar wanda aka yi wa bushara. A garin ya zauna daga baya, kuma duk ginin da zai yi sai ya kawo wa Hajjo lakar ta sansana.

Maigari ya zo ya zagaya ɗakin, ya doki bangon da sandarsa, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce ta hura wutarta. Kwana huɗu bayan haka aka ji kukan raƙuma daga arewa, ayari na biyu ne, ya fi na farko girma. Tukwane huɗu suka hau murhu. Hajjo na tsakiyar tuƙi sai ga ɗan aiken Audi daga Tarka, da jaki biyu na kwasar kayanta. Ta zaunar da shi ta cika masa akushi, ta ɗaura wa jaki guda curin gishiri.

"Ka gaida Yaya, ka ce na gode, Allah ya bar zumunci. Wannan na miyar gidansa ne. Ɗakin da ya share mini kuwa ya sauki baƙi a ciki, ni ina da aiki."