Turare a Ƙwaryar Man Kaɗe

Ɗakinmu a tsohon Zongon Lome, tun kafin a tashe mu a mayar da mu bayan gari, tabarma biyu kawai yake ci. Ni da Inna muke kwana a ciki, sai akwatin Baba, domin shi kansa rabin shekara yana kan hanya da motar shanu. Babu wurin jera kwalabe da gwangwanaye, babu kuma halin sayensu. Duk abin da matan gari suke tarawa a gaban madubi, Inna ta haɗe shi a ƙwarya ɗaya mai murfin faifai, tana ajiye ta a kan akwatin nan. Man kaɗe ne a ciki.

Da shi take shafe ni bayan wanka, da shi take min kitso. In leɓe ya tsage ko diddige ya yi faso, shi ne. In na ƙone wajen hura wuta, shi ne. Mura ta kama mutum a ɗiga masa a hanci. Maƙwabciya ta haihu, ta aiko a ɗan yanko mata na cibiyar jariri. Kananzir ya ƙare, Inna ta murza tsumma ta dasa a kasko, mu sami fitila. Sa'an nan da shi ake miya, da shi ake suya. Doka ɗaya ce a kan ƙwaryar: ba a sa yatsa, akwai cokalinta na musamman, saboda abin da za a shafa shi ne za a ci.

Kakata, mahaifiyar Inna, ita take yin man da hannunta a can arewa, ta ba direbobi su kawo mana shekara-shekara. Ban taɓa ganinta ba. Ta wannan ƙwaryar kaɗai na san ta.

Ina aji shida a lekol, wato makarantar boko, aka zaɓe ni cikin masu rawar jam'iyya. A zamanin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma duk ɗan makaranta ya san abin da ake kira animasiyo: a ɗinka muku kaya iri ɗaya, a jera ku a rana, ku yi ta waƙa da juyi har muryarku ta dushe. Ni dai murna nake yi, don a duk layinmu ni kaɗai ce 'yar Zongo, kuma na fi su iya juyi, ban ga dalilin ɓoye wannan ba. Abin da ya ɓata min shi ne rana. Man kaɗe in ya ji rana da gumi sai ya tashi da ƙaurinsa. Wadda take kusa da ni 'yar wata babbar mai atamfa ce a kasuwar Asigame, man da take shafawa daga Faransa ake kawo shi. Ran nan muna cikin gwaji ta toshe hanci, ta ce da Faransanci yadda kowa zai ji, “Wai wa ya zo mana da tukunyar miyar gidansu?” Layi ya kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, har na waiwaya kamar ina neman mai tukunyar. Amma tun daga ranar na tsani ƙwaryar nan kamar ita ta zage ni.

Ana cikin haka direba ya zo da ƙwaryar shekara, ya zo kuma da labarin Kaka ta rasu, har an rufe ta da kwanaki. Inna ba ta samu zuwa ba. Ta yi kuka har mura ta toshe mata hanci, ta ƙi sakinta. Daga nan ta daina girki da man kaɗe, ta koma manja. Ko don murar ba ta yarda ta ɗiga shi a hancinta ba, ni kaɗai take ɗan lakato wa da safe. Da hankalina na yarinya sai na ɗauka man ya tashi daga na ci ya zama na shafawa zalla. Ban tambaya ba. Ashe tattalinsa take yi, ta soya masar sadakar arba'in da shi, mutane su ci abin da hannun uwarta ya yi na ƙarshe su yi mata addu'a. Tunda ba ta ga gawa ba, wannan ce jana'izar da ta rage mata.

Na yi kwanaki ina haƙura da ƙosan tara ina adana kuɗin, na je Asigame na sayi wata 'yar kwalbar turaren mai, mai hoton fure, irin wanda in ka buɗe a nan sai an ji a bakin titi. Ranar Laraba Inna ta tafi kai niƙan shinkafa. Na sauko da ƙwaryar, na ajiye a rana bayan ɗaki har man ya yi laushi, na juye turaren kaf, na juya da cokalin nan, na shafe samansa sumul, na mayar. Har yabon kaina na yi, wai na gyara mana mai.

Washegari bayan asuba na fito na tarar Inna ta ɗora tanda, ƙwaryar tana gefenta a buɗe. A nan ne ya kamata in yi magana, ƙullun yana nan cike da roba, ko masa ɗaya ba a zuba ba. Kalma uku ta isa. Na tsaya ina kallo ta sa cokali, man ya narke a ramukan tanda, na ja bakina na yi shiru saboda tsoron duka.

Komai kuma sai ya taru ya rufa min asiri, wanda gara a ce bai rufa ba. Inna ba ta jin ƙamshi, ga shi ta ɗauki azumi ranar, ba za ta ɗanɗana ba. Ta ce kuma ba mai taɓa mata tanda, ita za ta soya wa uwarta. Matan gidan suna ta kai da kawo cikin hayaƙin itace da turaren wuta. Ɗaya ta ce, “Kai, wace ce ta yi wanka da turare da sassafen nan?” Kowa ta zaci 'yar'uwarta ce, aka yi dariya aka wuce.

Da hantsi malamai da dattawan unguwa suka cika tabarmi a ƙofar gida. Aka yi karatu, aka shafa, aka fito da masa a faranti-faranti, ta yi ja gwanin sha'awa. Ina leƙe ta zaure. Liman ya gutsura, ya tauna a hankali, ya haɗiye da ƙyar, ya nemi ruwa. Sai ya tura farantin gaba kaɗan. Na kusa da shi ma haka. A cikin gida kuwa akwai wata tsohuwa Bazabarma mai sayar da goro, wadda ba ta san rufa-rufa ba. Ta tofar a tafin hannunta ta ce, “Ke 'yar nan, wannan masa naki aure za a kai shi ne? Wa ya zuba masa turare?”

Inna ta ɗauki ƙwaryar ta kai hanci, ba ta ji komai ba. Ta miƙa wa tsohuwar, ita kuwa ta shinshina ta kawar da kai. Ɗakinmu mutum biyu ne, kowa ya sani, idanu suka fara juyowa wajena. Sai Inna ta ce, “Ni ce. Kwalba ce ta kife min a ciki, hankalina ba ya jikina kwanan nan. Ku yafe ni.” Matar da ba ta da kwalbar turare ko ɗaya a duniya. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Aka aika aka sayo burodi, aka haɗa da goro aka sallami mutane. Masar kuwa ko awaki sun ƙi ta. Ni aka ba in kai juji, na yi sawu uku.

Na jira duka har yamma, bai zo ba. Na jira faɗa, shi ma shiru. Da safe ta sauko da ƙwaryar, ɗan abin da ya rage a gindinta, ta shafe ni da shi tun daga goshi har yatsun ƙafa kamar kullum. A wajen gwaji 'yar mai atamfa ta matso ta ce yau kam ina ƙamshi, a ina na saya? Abin da na yi ta nema ke nan, ga shi na samu, sai kuka ya ƙwace min a tsakiyar waƙa har madam mai koya mana rawar ta fitar da ni daga layi. Haka Inna ta yi ta shafa min shi kowace safiya har ya ƙare, kuma wata ƙwarya ba ta sake zuwa daga arewa ba.

Na girma, na yi aure, na haihu, ban taɓa buɗe baki na ce mata ni ce ba. Sau da yawa nakan shirya maganar, in na zo gabanta sai don kunya in ɓuge da tambayarta ciwon gwiwa. Da tsufa ya kwantar da ita, ni nake shafa mata man kaɗe a ƙafa, na kasuwa, wanda ban san hannun da ya yi shi ba. Wata rana da la'asar ina cikin murza mata diddige, ta miƙo hannu ta karɓi robar man, ta kai hanci ta daɗe tana shinshinawa. Ta miƙo min ta ce, “Wannan dai ba ki sa masa komai ba ko?”

Na ce, “A'a, Inna.”

Ta ce, “To, ɗan lakato min in lasa. Na manta ɗanɗanon na uwata.”